Sabulun Acca na Mama

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Mama ta ɗaura ɗamarar yin sabulu. Muna zaune a gidan haya a Sabon Tasha, ba mu da ko taki ɗaya na gona, kuma abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. Duk ranar godiyar girbi a coci, mata su shigo da doya da citta daga ƙauye suna rawa, ita kuwa sai dai ta saya a kasuwa. Ta ce bana sai ta kai wa Allah abin da hannunta ya yi.

A zumuntar mata ta coci aka koya musu haɗin. Ba a ɗorawa a wuta: a jiƙa soda ta huce, a zuba cikin man alayyadi da man kaɗanya, a yi ta tuƙi da muciya har ya yi kauri. Malamar ta ce a barbaɗa garin hatsin Turawa na gwangwani don laushin fata. Mama ta taɓe baki. Mu da muke da acca? Ta ɗebo wadda kaka ta aiko, ta antaya tsabarta a haka, ba wanki ba niƙa.

Makonni sabulun ya yi yana shan iska a ƙarƙashin gado. Da ya bushe, Baba aka ba gwaji. Ya fito daga wanka yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Uwargida, sabulu kika yi ko dutsen goge kaushi?"

Kowa ya san acca da yashi, Mama ce kawai zumuɗi ya mantar. Muka yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta yi, amma na ga idonta ya kawo ruwa, domin bikin godiyar girbi ya matso.

Washegari ta sake. Ta rege accar a ƙwarya kamar za ta yi wa suruki tuwo, ta shanya, ta niƙa, ta tankaɗe, ta haɗa sabon sabulu. Kullum da safe sai ta durƙusa ta latsa sabulun da yatsa, mu kuma an hana mu ko leƙen gadon. Ana jibi biki sabulun ya yi tauri. Baba ya ƙi gwaji ƙememe, sai ta wanke fuskarta da kanta, ta fito tana shafa kumatu.

Ranar Lahadi ta jera sabulun a faranti ta ɗora a ka. Da layin mata ya tashi, Mama da ta saba laɓewa a baya ta wuce gaba, tana juyi, ta ƙi sauri, har masu ganga suka sake zagayo waƙar saboda ita. Ban taɓa jin daɗi a coci kamar ranar ba.