Innar Tanderu Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama da barandar sashen Fiziks, Inna ta riga ta rataye mayafinta, ta zura farar rigar aiki, tana bin tanderunta ɗaya bayan ɗaya tana duba zafinsu. Aikinta ke nan tun ba a haifi ɗaliban yau ba. Takan auna garin ƙarfe iri-iri, ta rufe a kwalba, ta narka, sannan ta bar shi ya yi makonni yana hucewa sannu a hankali, har ya daskare ya zama 'yar ƙwaya mai ƙyalli. Ita wannan ƙwaya ce masana ke sanyayawa su gwada ko lantarki zai ratsa ta ba tare da asara ba. Su ake gayyata taro a tafa musu. Inna kuwa, ko sunanta na yanka ba kowa ya sani ba, Innar Tanderu kawai ake cewa. Babban ɗanta yakan tsokane ta cewa da tukunyar gida na samun rabin wannan kulawa, da sun yi ƙiba.

Dokarta ɗaya ce: ba a buɗe tanderu sai ya huce. Iska na shiga, ƙwaya za ta tsage.

Bara wata ɗalibar digiri na uku, wadda abokanta ke kira Gaggawa, ta kasa haƙuri ta leƙa. Aikin watanni ya tafi a banza. Lokacin karatunta ya zo gangara, haɗi ɗaya kawai ya rage mata. In shi ma ya lalace, gida za ta koma hannu rabbana. Inna ta iske ta a bakin ƙofa tana kuka.

"Inna, na kashe kaina. Gara in tattara in tafi."

"Ki tafi ina, 'yar nan? Share fuskarki ki ɗauko min ma'auni. Kuka ba ya narka ƙarfe."

Suka sake haɗi tare. Sai dai ranar ritayar Inna ta riga ranar buɗe tanderu zuwa. Aka yi mata 'yar walima, aka yi jawabai, kowa ya ɗauka an yi sallama. Washegari maigadi ya gan ta tafe da 'yar jakarta.

"Inna, ba kin yi ritaya ba?"

"Na yi, ɗan nan. Tanderun ne bai yi ba."

Haka ta riƙa zuwa kullum, ga ciwon gwiwa, ga 'yarta da ta haihu a wani gari tana ta bugo waya. Abin yana cin Inna a rai, ba ta ɓoye ba. Amma ta ga tsoro ya kama Gaggawa har ba ta iya kusantar ɗakin ita kaɗai.

Ranar buɗewa Gaggawa ta miƙa wa Inna awartaki.

"Inna, ki buɗe. Hannuna ba shi da sa'a."

Inna ta mayar da hannuwanta baya. "Ni na ajiye aiki. Gobe ba na nan, wa zai buɗe miki? Buɗe, ina tsaye."

Gaggawa ta yi bismilla ta buɗe. Ƙwaya ta fito sumul, ko tsaga babu. Yarinyar ta rungume Inna tana kuka, ita kuwa tana cewa, "Ajiye kwalbar tukuna, kada mu sake wani haɗin."

Inna, ke ce uwar masu haƙuri. Ke ce kika tsaya har mai tsoro ta iya tsayawa da ƙafarta. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Mu da muka rage a bakin aiki, in na ƙasa da mu ya yi ɓarna, mu zauna mu sake haɗi tare da shi kafin mu nuna masa ƙofa. Yanzu Gaggawa ce ke kula da tanderun, Inna kuma ta tafi ganin jikanta, wanda har ya fara zama.