Ranar Da Aka Buga Taken Gungume A Gashuwa

Wata la'asar ce bayan an gama yankan shinkafa, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina tsaye a bakin fagen dambe a bayan kasuwar Gashuwa, na damƙe gefen rigar Baba da hannu biyu kamar mai riƙe akuya kada ta faɗa gonar mutane. Bikin suna muka zo gidan Gwaggo Amina, ƙanwarsa, kuma tun a tashar Nguru Inna ta ja ni gefe ta ce, "Hajara, duk inda ya nufa ki bi shi. In kin ji kalangu, ki ja shi ku bar wurin." To, na ji kalangun, na kuma ja, amma ina yarinya ina jan mahauci. Ya ce kallo kawai za mu yi, turmi ɗaya mu koma gida.

Baba mahauci ne a kasuwar Nguru, amma ba da wuƙa aka san shi ba. Gungume ake ce masa, don wai a zamaninsa duk dukan da za a yi masa ba ya motsi. Daga Dapchi har Kumagannam ba wanda ya taɓa kai gwiwarsa ƙasa. Ni ban ga wannan zamanin ba, labarinsa na tarar. Abin da na sani shi ne in aka aike ni niƙa ko sayen kifin banda, sai a ce a ba 'yar Gungume hanya, a kuma ƙara mini gyara. A makaranta ko langa maza ke yi a fili, wanda ya fi ƙarfi shi ke cewa shi ne Gungume. Na yi ta cin albarkacin sunan nan, har na ɗan yi girman kai da shi, ba zan ɓoye ba.

Akwai abin da mu biyu kaɗai muka sani, ni da Inna. Ni ke kai wa Baba tuwo a zaure, ni ke shafa masa man shanu a kafaɗa in ya dawo daga rumfa. Wata rana na durƙusa ta hagunsa da kwano a hannu, na daɗe a wurin, yana ta ƙwala mini kira yana faɗa wai na yi nawa. Sai da na yi magana ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya firgita. Idon hagun ya mutu, ko da yake in ka kalle shi lafiya lau yake. Inna ta ce tsohon duka ne ya taso masa, kuma likita ya ce wani bugun a wurin zai iya tafiya da ɗayan. Ta sa ya yi mata alkawari ya bar dambe, ta kuma ce in na kuskura na faɗa wa wani sai ta yanke mini harshe. Shi kuwa ɗan dambe da gefen hagu yake fuskantar abokin karawarsa, ta nan naushi ke zuwa.

A fagen nan na Gashuwa ba wanda ya kula da mu da farko. Sai wani tsohon makaɗi ya ɗaga kai, ya ƙura wa Baba ido, ya gyara ratayar kalangunsa. Kowane babban ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa, kuma al'adar ita ce in aka buga takenka kana wurin ba ka zama. In ka zauna, ka faɗa wa duniya da bakinka cewa ka ƙare. Ban taɓa jin taken Baba ba, amma na gane shi, don na ji jikinsa ya ɗauki rawa ta cikin rigar da nake riƙe. Mutane suka fara juyowa suna nuna shi. Na ce, "Baba, Inna fa." Ya ce, "Riƙe mini hular nan, uwata." Ya zame daga cikin rigar ya bar ni da ita a hannu.

Na tsaya ina kallo ana naɗa masa zare a hannun dama. Wanda aka fito masa da shi wani saurayi ne dogo daga wajen Jakusko, Sale, da bai kai rabin shekarunsa ba. Turmin farko Baba ya yi ta juya kai yana nemansa da ido ɗaya, mutane suna ihu sun ɗauka salo ne na tsofaffin hannu. Ni kaɗai na san nema yake. Na so in yi kururuwa in ce ba ya gani, sai na tuna Inna, na kuma san in na faɗa Baba ba zai ƙara ɗaga kai a Nguru ba. Na cusa hularsa a baki na cije. A turmi na biyu Sale ya zagaya ta hagu. Ƙarar naushin kamar an sauke taɓarya a turmi, kuma Gungume ya zube gaba ɗayansa, bai ko kai hannu ya tare ƙasa ba. Kalangu ya tsaya. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane ina kiransa, ba ya amsawa, jini na fita ta kunne. Da ya farfaɗo na buɗe yatsuna a gaban idonsa na dama, sai ya kama su ya ce, "Ina ganinki." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har yau.

Idon ya tsira, amma kunnen bai ƙara ji ba. Lokacin ne wayoyi masu ɗaukar hoto suka fara shigowa, wani ya ɗauki faɗuwar, ta riga mu isa Nguru. Duk shekarun da ya yi yana kayar da maza ba wanda ya ɗauka, sai wannan. A filin makaranta langa ta canja, yanzu wanda ya faɗi shi ake kira Gungume, a yi ta dariya ana kallona. Na yi dambe da wata Zara a kan haka har ta yaga mini hijabi. Baba ya koma rumfarsa yana yankan nama shiru. Inna ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai in ana biki a unguwa aka fara kiɗa, ta tashi ta saka wa ƙofar zaure sakata. Ni kuma sai in kwanta ina jin tsoro biyu: kada a sake kiransa, kuma kada a ce ba mai sake kiransa. Ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, ina ganin ya tafi da tunanin cewa yammaci ɗaya ya cinye masa komai.

Bara bikin auren wata 'yar uwa ya kawo ni Gashuwa. Na je sayen tattasai, sai na ji masu lodi suna kiran wani mutum mai furfura a gemu da "Ka-da-Gungume". Na tsaya na tambaye shi, ashe Sale ne. Da na faɗa masa ko 'yar wace ce ni, ya sauke buhun da ke kafaɗarsa, ya gaishe ni da "wushe", wato sannu a harshen yankin, har sau uku. Ya ce, "Baiwar Allah, na kayar da mutane da yawa bayansa, ni ma an kayar da ni. Ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Sunana na yanka ma an manta, da sunan babanki nake cin abinci." Na so in ce masa makaho ya buga, sai na ga ba amfani, na biya kuɗin tattasaina na tafi.

Yanzu dambe a waya ake kallonsa, ɗana ma yana da waɗanda yake so, kuma hoton nan na faɗuwar yana nan yana yawo. A da mutum yakan kayar da maza shekara da shekaru ba shaida sai bakin mutane, kuma bakin ya fi wayar riƙo. Na so a ce Baba ya ji abin da Sale ya faɗa mini. Hularsa tana cikin akwatina, da sawun haƙorana a jikinta, kuma har gobe in na ji kalangu daga nesa sai hannuna ya nemi gefen riga.