Mis Wanda Mai Ninki Biyu

Kafin in zuge labulen shagona na gyaran gashi, Wanda Sizemore ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan gidan boga na Dewey, inda ake sayar da gasasshen nama cikin burodi, ta sa rigar aiki da hula, ta tsaya a tagarta. Shagona na tsallaken titi, daidai saitin tagar, don haka na fi shekara talatin ina kallon aikinta ta cikin gilashi da almakashi a hannuna. Za ta goge dakalin taga, ta jera jakunkunan takarda, ta saƙala abin sauraro a kunne. Sai motoci su fara kwararowa: masu zuwa injin yanka katako, malaman makaranta, iyaye mata da yara suna faɗa a kujerar baya. Kowa ya tsaya gaban lasifika ya faɗi abin da yake so, ya zagayo taga, ta miƙo masa, ya ƙara gaba ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba.

Ba wanda ya girma a wannan yanki namu na Kentucky da bai san takaicin buɗe jaka bayan ya yi nisa ba. Ka ce ban da cuku, ka isa gida ka tarar da shi ya narke har gefen takarda. Ka saya wa yara uku soyayyen dankali, ka tarar da na biyu, a kwana ana shari'a. Mu kuwa ga mu da wata irin kunya ta banza: ba ma buɗe jaka a bakin taga, don kada na baya ya danna mana hon. Mun gwammace mu isa gida mu zagi wanda ba ya jin mu.

Wanda ce ta ɗauke mana wannan. Duk jakar da za ta fita ta hannunta sai ta buɗe ta, ta leƙa, ta ɗaga takardar boga ta ga abin da ke ciki, ta dubi motar da ke gabanta. In komai ya yi daidai, sai ta ninke bakin jakar sau biyu ta danne da farcen babban yatsa. Ba wanda ya koya mata, ba ta kuma taɓa sanar da kowa ba, amma a hankali gari duka ya gane. In ka ga ninki biyu, ajiye jakarka ka yi tuƙinka. Clifton Begley mai motar jan motoci ya taɓa cewa a shagona, yana jiran matarsa, "Ni fa in na ga ninkin Mis Wanda, ko wannan baiwar Allah da ke ƙarƙashin injin busar da gashi ban yarda da ita haka ba." Matar ta ji, ta ce ya bari su isa gida.

Wannan dubawa tana cin ɗan lokaci, kuma ba mu bar ta ta manta da haka ba. Shi kansa Clifton yakan leƙo da kai ya ce, "Mis Wanda, wai dankalin kike yi wa ƙidaya ne?"

"Riƙe sitiyarinka, ɗan nema," in ji ta, idonta na cikin jaka. "Naka kake so ka ci, ko na mutumin da ke bayanka?"

Ke ce wadda aka yi wa hon fiye da kowa a garin nan, Mis Wanda, ke ce kuma wadda ba ta taɓa sa yaron wani ya kwana yana kuka kan abincinsa ba. Mun ci moriyar haƙurinki muna yi masa tsaki.

Abin ya soma lalacewa lokacin da masu gidan bogar, waɗanda ke zaune a babban birni, suka raba hanyar motoci gida biyu. Lasifika biyu, layi biyu, amma su haɗe su koma ɗaya kafin taga. Jakunkuna na jere bisa yadda aka yi magana, motoci kuwa na shigowa bisa wanda ya fi zafin kai. Mai babbar mota ya kutsa gaban tsohuwa, shi ke nan ya tafi da abincinta, ita ta tafi da nasa, na bayansu ma haka. Suka kuma kafa agogo a saman taga, wanda ke komawa ja in mota ta daɗe, labarinsa kuma na zuwa birni kai tsaye. Manajar gidan, Kendra Mullins, yarinya ce da Wanda ta sani tun tana miƙo hannu daga kujerar baya. Ba muguwa ba ce, ita ma a tsakiya take.

"Mis Wanda, ki taimake ni," Kendra ta ce mata wata rana, kamar yadda ita Kendra da kanta ta ba ni labari. "Agogon nan in ya yi ja, ni ake kira."

"Na sani, 'yata. Zan ƙara sauri. Amma ba zan miƙa abin da ban gani ba."

Ta ƙara saurin kuwa, na gani da idona. Sai dai sauri ya haifi nawa, kuma da layi biyu dubawar ta zama biyu: ta duba jaka, ta duba ko motar ce.

A cikin masu zuwa kullum da tsakar rana akwai Vernon Tackett, tsohon makaniken motocin makaranta. Matarsa Opal tana gidan kula da tsofaffi a bayan dutse, tafiyar kusan rabin sa'a. Hankalinta ya gushe, har sunan Vernon wani lokaci yakan ɓace mata, kuma ta daina yarda da abincin gidan. Abu ɗaya kawai take ci: boga ta Dewey, nama da burodi zalla, irin wadda suke ci a mota tun suna saurayi da budurwa. In wani abu ya taɓa burodin, ko cuku ko miyar tumatir, sai ta ture ta ce ana so a kashe ta, ranar nan kuma ba abin da zai shiga bakinta. Wanda ta san da haka. Jakar Vernon takan duba ta har sai na baya sun gaji da hon.

Ranar da abin ya faru, Wanda ta ɗan matsa daga taga don ta taya wata abokiyar aiki da tukunyar kofi ta zube mata a hannu. Wani baƙo mai akori-kura ya kutsa gaban Vernon, wadda ta riƙe mata tagar ta miƙa jakunkuna yadda suke jere. Ba a daɗe ba sai ga baƙon ya shigo yana kaɗa jaka.

"Wane ne ya ba ni wannan busasshen abu? Na ce cuku da komai, an ba ni nama da burodi kamar ɗan kurkuku."

Wanda ta dubi bogar ta gane ta Opal ce, Vernon ya tafi da mai cukun. Vernon kuwa ba ya ɗaga waya in yana tuƙi, in ma ya tuna ya fito da ita. Ta sa aka gasa sabuwa, ta duba, ta ninke sau biyu, ta cire abin kunnenta ta ajiye a dakali. Ina tsaye da kan wata a hannuna na hango ta tana tsallaka filin ajiye motoci zuwa motarta da gudun da gwiwoyinta suka yarda, alhali layi ya kai bakin titi.

Abin da ya faru a can na ji shi daga bakin Charlene Napier, mai aiki a gidan tsofaffin. Ta ce Vernon na tsaye da ƙaramar wuƙar roba yana ta kankare cuku daga burodi, Opal kuwa ta juya fuska bango. Sai ga Wanda ta shigo da hularta ta aiki, tana haki.

"Opal, ga taki. Ni na duba da kaina."

Opal ta juyo a hankali. Ta dubi hular, ta dubi jakar, ta sa yatsa a kan ninkin.

"Yau kin daɗe," ta ce.

"Na daɗe. Ki yi haƙuri, layi ne."

Ta cinye tas. Charlene ta ce Vernon ya fita baranda ya jima bai dawo ba.

A birni ba a ga wannan ba, jan agogo aka gani, da taga da aka bari ana tsakiyar ciniki. Suka ce a sallame ta. Kendra ta yi ta roƙo har aka sassauta, aka ce to a ɗauke ta daga taga a mayar da ita baya, wajen suyar dankali. Kendra ce ta gaya mata, tana hawaye. Wanda ta ce, "Share fuskarki, mutane na kallo. Nuna min inda kwandon suya yake."

Nan ne abin ke yi min ciwo. Duk mun lura. Jakunkuna suka riƙa fitowa da sauri, bakinsu a hangame, rabin lokaci da abincin wani. A shagona ba hirar da ta fi wannan, kowace ta zauna sai ta ce ai an zalunci Mis Wanda, ai gidan ya mutu. Muka yi ta faɗa wa madubi. Garin da ya iya danna hon bai iya tsallaka titi ya ce a mayar mana da ita ba. Vernon kaɗai ya shiga ya yi magana, aka ce masa hukuncin daga sama yake. Daga ranar ya daina bin layi. Yakan ajiye mota ya shiga da sandarsa, ya buɗe jaka a kan kanta, ita kuma ta miƙo wuya daga bayan tukunyar mai ta leƙa, ta gyaɗa masa kai. Haka suka yi har Opal ta rasu da bazara.

Wanda ta daɗe tana sa ran za a mayar da ita. Takan tambayi Kendra, cikin wasa, ko an huce a birni. Ba a huce ba. Tsayuwa a gaban tafasasshen mai ta ƙarasa mata gwiwoyi, likita ya ce ya isa, sai ta ajiye aiki a watan nan ba tare da ta sake tsayawa a tagar ba.

Da muka ji, sai kowa ya tashi da himmar da ba mu yi ba lokacin da take da amfani. Clifton ya kawo shawara mai kyau: tunda ta shekara talatin tana miƙa mana, a ranar ƙarshe a sa ta a mota ta bi layi, mu kuma mu tsaya a tagarta mu miƙa mata. Kendra ta yarda. Vernon ya ɗauko ta a motarsa, mu muka cika bayan taga, ni da Clifton da Charlene da wasu. Sai mai gasa nama ya juyo ya ce, "To, me zan haɗa mata?"

Muka dubi juna. Matar da ta san wanda ba ya cin cuku, da wanda likita ya hana gishiri, da yaron da ba ya son tumatir ya taɓa masa dankali, ba ɗaya daga cikinmu da ya san abin da take ci. Clifton ya ce a yi mata babbar, a sa komai da komai, ai rana ce ta girmamawa. Aka haɗa. Muka ninke bakin jakar sau biyu, muka danne da farce, muna jin daɗin kanmu.

Ta karɓa tana dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ga ninkin, don haka ba ta buɗe ba. Ta ɗora jakar a cinya ta ɗaga mana hannu, suka wuce.

Washegari Vernon ya shigo shagona, ko da yake ba shi da gashin da za a gyara. Ya ce da suka tsaya a ƙarƙashin bishiya ta buɗe, sai ta fara tsince albasa tana ajiyewa a kan takarda.

"Ba kya cin albasa ne, Mis Wanda?"

"Tun ina yarinya take tayar min da ciki."

"Duk shekarun nan ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ba a taɓa tambaya ba, Mista Tackett. Kada ka gaya musu, sun yi ƙoƙari."

Ya gaya min, ni kuma ga shi na gaya wa kowa, ki yafe mana mu biyun. Ke ce kika mayar da ninkin takarda ya zama alkawari, mu kuwa a rana ɗaya da aka ba mu amanarsa muka ninke kan abin da ba mu sani ba. Mun gode, Mis Wanda, da kowace jaka da kika buɗe ana yi miki hon, da bogar Opal da kika biya da tagarki. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku matasan da ke tsaye a tagogi yanzu, na san agogo na kanku, amma ku leƙa cikin jaka kafin ku miƙa, akwai mai jira a ƙarshen hanyar. Mu kuma na cikin mota, in muka samu irinta, mu ɗage hannu daga hon, mu yi magana tun tana tagar, mu tambaye ta ita me take so.

Ƙofar shagona a buɗe take, Mis Wanda. Duk ranar da kika zo, ni zan tsallaka titi in karɓo miki, in buɗe a gabansu in duba, ko layi ya kai bayan gari. Ban da albasa.