Gawon da Ke Jikin Bango

Yayana mai zane ne. Tun muna samari ya ƙi fartanya, ya bar Kurfi ya koma Dutsin-Ma, yana zana duwatsu da gonaki a jikin motoci da bangon shaguna. Ba ya zana mutum ko dabba, wai ba zai iya hura musu rai ranar lahira ba. Ni dai na ɗauka wayo ne, don bishiya ba ta ƙorafin an ɓata mata hanci.

A bangon wani mai shayi kusa da tasha ya zana gonarmu ta gado: rafi, dutse, da gawon da ya raba mu da maƙwabci. Daga baya iska ta kayar da gawon, masu itace suka tone har saiwa. Da Baba ya rasu, ɗan maƙwabcin ya ce iyakar tana cikin kunyoyina, daidai inda ya fi ba ni dawa. Dattawan da suka san wurin kuwa duk sun rasu.

Sai na tuna bangon. Na ɗauko mai unguwa da abokin rigimar, muka je muka kira Yaya, muka tsaya kan masu shan shayi muna kallon fenti. Ga gawo nan hagu da dutse, inda nake faɗa. Har na fara murmushi.

Mai unguwa ya tambayi Yaya, "Malam, nan yake tsaye sadda ka zana?"

Yaya ya daɗe yana kallo. "Ranka shi daɗe, wani lokaci in gefe ya yi fili, nakan matso da icce."

Na ce, "Yaya, wannan fa? Ka matso da shi ko ba ka matso ba?"

"Wallahi ban sani ba. Ni yanzu in na rufe ido, wannan nike gani."

Raina ya ɓaci, kamar in shaƙe shi. Amma da na rufe nawa idon, ni ma bangon na gani. Na sha cin ɗumame a gindin gawon nan, ga shi na kasa cewa hagu yake ko dama. Abin ya ba ni tsoro.

Mai unguwa ya ce in zan rantse da Alƙur'ani, wurin nawa ne. Na yi alwala, aka kawo. Na miƙa hannu, hannun ya ƙi ƙarasawa. Aka bar wa ɗan maƙwabcin wurin.

Bana ma dawar wurin ta yi kyau. Nakan hango ta daga ragowar gonata, har yau ban san ko tawa ce ba.