Baba Njidda, Mai Tace Iskar Majidaɗi

Kowace Litinin da hantsi, Baba Njidda kan jingina tsani ya hau rufin ofishinsu na kula da muhalli a Majidaɗi. Akwai akwatin da ke zuƙar iska a can. Sai ya zaro wata 'yar takarda mai kamar faifai da hantsaki, ya naɗe ta, ya sa sabuwa fara fat. Kafin ya gama ba ya ba kowa hannu, ko da liman ne, don kada datti ya taɓa takardar.

Mu kuwa mutanen unguwa ba a raba mu da zargi. Mutumin da ke ƙin musafaha, yana ɓoye takarda a firji, ai da walakin. Wasu suka ce maganganunmu akwatin ke naɗa, wasu suka ce asiri ne. Har aka samu masu turara hayaƙin tsari a gindin bangon don su karya shi. Takardar makon ta fito da ƙamshi, aikin ya lalace. Bai kai ƙarar kowa ba, gida gida ya bi yana nuna abin da iska ke kai wa huhunmu.

Ni ma da nake rubutun nan ba na saurin yarda da ma'aikaci. Maganar Kaltume ce ta sa na sakar masa fuska.

Kaltume bandar kifin Lau take yi, da ita take riƙe gidanta. Da tari ya addabi unguwa wani rani, aka ce hayaƙinta ne, aka nemi mai unguwa ya tashe ta. An san dai mai ƙaramin ƙarfi ake fara nunawa. Baba Njidda ya jera takardunsa a gaban dattawa: na damina fari-fari, don ruwa na wanke iska, na bayan girbi ruwan toka, lokacin ƙona gonaki, na ranin nan baƙi ƙirin. Cikin baƙaƙen har da na watan da Kaltume ta tafi Lau jinyar uwarta, murhunta a kashe. Masu awo a ɗakin gwaji kuma sun ce toka ce da hayaƙin taya, irin wadda ake babbaka ganda da ita a bayan unguwa.

Wani ya yi gunaguni, wai kifi Kaltume ta ba Baba Njidda.

“Baaba, ko ƙaya bai taɓa karɓa ba,” in ji Kaltume ga mai unguwa. “Na kai, ya dawo da shi.”

Ba a tashe ta ba. Masu babbaka suka koma itace, ko da yake ina da shakkar ko za su ɗore bayan idon Baba Njidda.

Kai ne ka sha zarginmu ba ka rama ba, Baba Njidda, dogo mai hawa don na ƙasa. Ina jin kunyarka, ina kuma tsoron ranar da tsanin zai rasa mai hawa. Wanda zai gaje ka ya koyi tsare hannunsa kamar yadda ka tsare naka. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ranar da ya ajiye aiki, Kaltume ta sake kawo kifi a ƙwarya. Ya ce, “Yau kam babu mai cewa komai.” Ya sa hannu biyu ya karɓa.