Dutsen Niƙan Kakata

Shekara da shekaru Inna tana roƙona abu guda: in kai ta kufan garinsu, can arewa da Takanamat, ta ziyarci kushewar mahaifiyarta tun ƙafafunta ba su gama ƙin ta ba. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san wurin. Takan ce, "Da akwai alama bisa. Ko idona rufe ina gane ta." Ni kuwa kullum da abin faɗa a bakina: hanya ba lafiya, azumi ya matso, zafi ya yi yawa, bari damina ta wuce. Ban taɓa buɗe baki na tambaye ta wace irin alama ce ba.

A shekarar da nake magana, hankalina duk yana kan gini. Na daɗe ina yi wa matan Tahoua gyaran jiki, dilka da halawa da turare, a wani ɗan ɗaki na bayan gidana, har na ga lokaci ya yi da zan gina wuri na gaske, gidan wanka mai ɗakin tururi irin waɗanda nake gani a waya. Na ɗauko wata arshitek, ƴar gari ce da ta yi karatun zanen gini a waje ta dawo. Ni karo nake so, wato tayil, fari tas mai sheƙi. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, asibiti za ki buɗe?" Wallahi saura kaɗan in nuna mata ƙofa.

Amma yarinyar ta san aikinta. Ta ce karo yana da santsi, kuma da an kashe wuta ya huce. Dutse shi ke riƙe ɗumi, ya riƙa sakinsa sannu sannu. Ta ce mutane suna tsallaka teku neman irin dutsen da mu muke tuntuɓe da shi a Adar muna zaginsa. Haka aka yi. Aka ɗauko jan dutse daga tudun wajen Kalfu aka yi bango da shi, ba fenti ba shafe, aka shimfiɗa falalen duwatsu a ƙasa, aka gina dakalin zama da tiyon ruwan zafi a cikinsa. Tagogi ƙanana ne can sama. In ka shiga da rana sai ka ce cikin rumbu kake, duhu-duhu da sanyi.

Saura wurin tara ruwa a ƙarƙashin famfuna. Arshitek ta rantse ba za a sa roba ko tasa a ɗakin nan ba. Ta ce da za a samu tsofaffin duwatsun niƙa, waɗanda hannu ya cinye har suka yi rami, da an gama magana. Direban kamiyo, babbar motar da ke kawo mana dutse, yana tsaye yana ji, sai ya ce ya san wani kufai da suke zube ba mai so. Yana kwatanta hanya na gane garin su Inna ne.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa Inna Kalfu za ni in duba dutse. Na san in na faɗi gaskiya za ta ɗauko mayafinta ta riga ni shiga mota, ni kuma ba ni da lokacin tafiyar tsohuwa.

Da bazara ne. Mun isa da hantsi, ni da direba da leburori biyu. Ba gari ba alamar gari, sai ƴan tuddai inda ɗakuna suka zube, da fasassun tukwane, da bakin wata rijiya da rairayi ya cike. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ko kukan tsuntsu babu, ko ƙuda. Leburorin da suka cika mana kunne da surutu tun daga Tahoua suka koma yin magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ce su yi.

Duwatsun suna gabas da tuddan, nan ɗaya can ɗaya, rabinsu cikin rairayi, bayansu a sama kamar kunkuru. Duk a kife suke. Aka sa ƙarfe aka birkice na farko, sai ga ciki sumul, rami mai kyau, kuma da danshi, alhali an yi wata bakwai ba a ga ɗigon ruwa ba. Na sa tafin hannuna na ji sanyi har cikin gwiwar hannu. Ni da wayona sai na ce, "Kun ga matan da? Masu tattali. Sun kife kayansu kada rairayi ya cika su."

Na ɗan zagaya ina neman makabarta, wai in ɗauko wa Inna hoto wata rana. Tulin duwatsu nake nema irin na makabartar gari. Ban ga komai ba, na dawo.

Muna cikin lodi wani dattijo mai rawani ya ɓullo da raƙuma uku. Ya ja ya tsaya daga nesa, ya daɗe yana kallonmu. Sai ya faɗi wata magana da Tamashek, ya shafa fuska, ya kaɗa raƙumansa. Na tambayi direba me ya ce. Ya ce sallama ce. Na ce to ai ba mu ya fuskanta ba, ƙasa yake kallo. Direba ya ce, "Hajiya, rana tana yi, mu tahi." Muka ɗauki bakwai muka juyo.

Gini ya cinye damina duka, sai da sanyi ya shigo muka buɗe. Wuri ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An ɗora kowane dutse bisa gindin siminti, famfo a kansa, ruwan ɗumi ya cika ramin ya malala ƙasa. Mata suna zama bisa dakali su sa ƙafafu ciki, a cuɗe musu kaushi. Amare, matan ma'aikata, matan ƴan ci-rani da suka dawo daga Abidjan, kowa sai ya ɗauki hoto.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai sallama ce. Mace za ta tura ƙofar ɗakin tururi, ta san ba kowa ciki, ni na gaya mata, amma sai ka ji ta ce salamu alaikum. In na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce bakinta ne ya suɓuce. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kuma matan Tahoua, waɗanda ko gidan gaisuwar mutuwa sai an tsawata musu, da sun shiga ɗakin nan sai hira ta mutu.

Sai matar da ke taya ni aiki, babbar mace ce mai jikoki, ta ce ita ba za ta ƙara shiga share ɗakin ita kaɗai ba. Wai tana jin niƙa. Na ce, "Niƙan uwar wa? Injin unguwa ne kike ji." Na kira mai gyaran famfo, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce iska ce cikin tiyo. Na ce mata kin ji ko, iska ce, a kama aiki.

Wata Talata da hantsi aka ɗauke wuta, ba injin unguwa, ba fanka, ruwa ma a rufe. Na shiga ɗauko tawul. Na ji shi da kunnena. Gurr, gurr, gurr, sai a tsaya kaɗan, kamar yadda mace ke tsayawa ta tura gari gefe ta ɗebo wani hatsin, sai a ci gaba. Ba ƙarfi gare shi ba, kuma na kasa cewa ga kusurwar da yake fitowa. Na fito ban ɗauki tawul ɗin ba, ban kuma gaya wa kowa ba, don ni ce na gama cika baki.

Sanyin shekarar ya kama gwiwoyin Inna sosai. Na ce ta zo ta sha tururi ko ta samu sauƙi. Ta yi ta ƙi, wai ita wankan buta ya ishe ta, da ƙyar na lallaso ta ranar da ba kowa. Ta shiga tana dogara sanda, ta yi sallama ita ma. Ta zauna bisa dakali, ta ji ɗumi, ta ce, "Kai, wanga wuri da daɗi shike." Na ji daɗi har raina. Na buɗe mata famfon da ke gabanta na ce ta sa ƙafa.

Ba ta sa ƙafa ba. Hannu ta sa. Ta shafa ramin daga sama zuwa ƙasa, ta sake shafawa, sai na ga ta sauko daga dakalin ta durƙusa, ita da ko sallah a zaune take yi. Ramin dutsen nan ya karkata hagu, na sha ganin haka ban kula ba. Ta bi bakinsa da yatsa har ta kai wani ɗan ɓalli, ta tsaya nan.

"Kashe ruwan ga," in ji ta.

Na kashe.

"Ni na ɓalle nan. Ɗan dutsin ya kuɓuce mini ina ƙarama, innata ta ba ni kashi. Bahaguwa ce, shi ya sa ramin ya bi hagu." Ba ta ɗago ba. "Ina kinka samo shi?"

Na buɗe baki zan ce Kalfu. Ta ɗago ta dube ni, na fasa.

"Yaya kinka iske shi? Buɗe ko kife?"

Na ce, "Kife, Inna."

"Guda nawa?"

"Bakwai."

Ta ce innalillahi, a hankali, sau ɗaya. Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa tsayawa na saurara ba. Shekarar yunwa ce, tana sabuwar amarya. Maza duk sun bazu neman abinci, gari ya rage mata da yara da wani tsohon malami da ke yi wa gawa sallah. Mata ke gina kushewa. Ba su da ƙarfin kai gawa makabarta, balle su hau tudu ɗauko duwatsu, sai su gina nan bayan gida inda ƙasa ke da laushi. In mace ta rasu sai su jawo dutsen niƙanta su kife wajen kanta, tunda ba abin niƙawa. Mata bakwai. Bayan ta bakwai ɗin aka watse.

Ta shafa ramin ta ce, "Mata nawa sunka wanke ƙahwa cikinai?"

Kuka nake yi, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar babanmu.

A ranar na rufe gidan. Na kira magini ya sa kurfi ya ɓamɓare su daga siminti, na tsaya a kansa kada ya fasa ko ɗaya. Arshitek ta zo da gudu za ta yi faɗa, na gaya mata, ta zauna bisa dakali ta dafe kai. Muka wanke duwatsun, muka naɗe su da tabarmi. Kwana biyu bayan haka muka kama hanya da direban nan dai, Inna a gaba.

Ni a zatona ramukan da muka bari suna nan, kowane dutse a mai da shi gurbinsa. Na manta damina ta bi ta kai. Ruwa ya share wurin, iska ta zo ta shimfiɗa sabon rairayi, fili ɗaya ne fetal daga tuddan har iyakar ganinka. Inna ta sauka. Ta je bakin rijiya ta juyo tana ƙirga taku, ta tsaya, ta koma ta sake. Aduwar da take kwatance da ita an sare ta tun tuni, ko kututture babu. Ta yi gabas, ta yi kudu, sanda tana nutsewa. Mun fi awa muna kallonta.

Daga ƙarshe ta dawo gabana tana haki. Ta ce, "Ɗiyata, ke kinka ɗauka. Ina ne?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ranar lodi hankalina yana kan wane ya fi rami. Amma na dubi fuskarta na kasa faɗa. Na waiga na hango wani wuri mai ɗan tauri, inda na ga dutse zai zauna daram ba zai nutse ba, na miƙa hannu na ce, "Nan ne, Inna. Na tuna."

Ta dubi wurin, ta dube ni. Ta ce to. Aka sauke dutsen aka kife shi, aka jera sauran shida kusa da shi. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannu bisa bayansa. Ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta koma magana ƙasa-ƙasa, tana ba uwarta labarin ƴaƴan da ta haifa, da waɗanda suka rayu, da ni. Muka ja gefe muka bar ta har rana ta karkata.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Takanamat. Ni har na fara samun sanyi a raina, ina cewa ko banza ta samu abin da take so. Sai ta ce, tana kallon hanya, "Wurin da kinka nuna, marmara ce ƙarƙashi. Ko da ƙoshi namiji bai gina nan, balle mu."

Na ce, "Inna, to don me ba ki faɗa ba tun can?"

Ta ce, "In na hwaɗi, kina da wani wurin da za ki nuna mini?"