Cukun da Ya Ƙi Narkewa

Surukata, Doña Eufrosina, ba ta taɓa yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan. In ka gaishe ta da fara'a, ta ce akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gaishe ta ba, ta ce akwai abin da ka aikata. Ranar da ɗanta Nemesio ya kawo ni gidan, a ƙauyenmu na bayan garin Zaraza, ba fuskata ta fara dubawa ba. Tafin hannuna ta juya, ta ce, "Wannan hannu bai san taɓarya ba. Irin masu kwaɓa garin kanti ce ka kwaso mana." Na haɗiye maganar, amma har yau ban manta da ita ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, duk yankin nan babu wanda ya kai ta iya arepa, gurasar masarar da muke karyawa da ita. Masararta da kanta take surfawa a turmi, ta dafa, ta niƙa, ta murza ƙullin har ya daina manne wa hannu. Ta mulmula, ta faɗaɗa tsakanin tafukanta, ta ɗora a kasko har bayan ya yi ɓawo, sannan ta jingina su a bakin garwashi don cikin ya nuna. A nan gwanintarta take. Ba ta tsaga ɗaya ta leƙa, wai wannan aikin sababbin amare ne. Ɗauka take ta kai kusa da kunne, ta ƙwanƙwasa da yatsa. In ƙarar ta fito a dushe, ta mayar. In ta amsa kamar ƙwarya a kife, to ta nuna. Nan take za ta tsaga gefe da wuƙa, tururi ya tashi, ta cusa cuku ta rufe. Kafin ka kai baki cukun ya narke yana jan zare.

Cukun nan kuwa na mutum ɗaya take amfani da shi, na Teotiste, wata gwauruwa mai 'yan shanu a bakin rafi. Tun suna 'yan mata suke tare. Teotiste ce ta riƙe Nemesio ranar baftismarsa, shi ya sa suke kiran juna komadre. In har akwai wanda surukata ta ɗan yarda da shi a duniya, to ita ce. Ko ita ɗin ma, sai an shinshina cukun nata kafin ya shiga madafi.

Wata damina sai cuku ya ƙi narkewa. Ka gutsira arepa, bayanta ƙus-ƙus, cikinta danƙo, cukun yana zaune a tsakiya da sanyinsa. Wata rana kuma ta ƙone ƙurmus. Ni aka fara tuhuma, ba sai an faɗa ba.

"Zoraida, kin taɓa mini ƙulli."

"Mama, ni da ko turmin ba ki bari in wanke?"

"To wa ya zuba garin kanti a ciki? Aljanu?"

Ta koma rufe ƙullin a ɗakinta, makulli a wuya. Ba abin da ya canja. Sai ta sauka a kan mai kawo mana itace, wai ɗanye yake cusawa a tsakiyar dami. Daga shi sai mu duka, mutanen gidan. Wai mun koyi raɗa, da ta shigo sai mu rage murya, leɓɓa suna motsi ba a jin komai. Mu kuwa da muryar da Allah ya ba mu muke magana. Nemesio ya ce in rabu da ita, tsufa ne. Na ce wannan hali ai ya girmi tsufan.

Daga ƙarshe ta isa inda ba wanda ya zata. Wata safiya ta zaro cukun daga cikin arepa, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce, "Sitacin rogo. Teotiste tana haɗa mini cuku da sitacin rogo."

Na yi murna abin ya tashi daga kaina, kuma ban ji kunyar murnar ba. Har ma na fara ganin da ƙamshin gaskiya a maganar. Ai saniyar Teotiste ɗaya ta mutu a farkon damina, amma curin cukun bai ragu ba. To ina take samun madarar? Na faɗa wa surukata haka, kuma a karon farko tun zuwana gidan ta dube ni kamar mai hankali.

Ta rantse ranar Lahadi, da an fito daga coci, za ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa kowa ya ji. Nemesio ya roƙe ta har ya gaji. Ya san ƙauyenmu. In Doña Eufrosina ta ce cukun wance da algus, ba wanda zai ƙara saye, Teotiste kuwa ba ta da wani abin dogaro bayan cukun nan. Ga kuma zumuncin da ya girme shi, za a yi watsi da shi a gaban jama'a.

Maganar ta riga Lahadi isa bakin rafi. Ranar Asabar da safe sai ga Teotiste da kanta, laka har idon sawu, cukunta a naɗe cikin ganyen ayaba. Ko sallama ba ta yi ba, ta shigo madafi ta ja kujera.

"Komadre, na ji an ce na zama 'yar algus."

Surukata tana kallon bakinta. "In ba ki zama ba, me ya fito da ke cikin ruwan nan?"

"Na zo in ga ƙaryar da idona. Gasa, ga cuku. In ya ƙi narkewa, ni da kaina zan hau teburin cocin in yi shela."

"Za ki hau kuwa, da wannan ƙafar taki mai ciwo."

Aka ɗora kasko. Ina gefe ina tace kofi, ina satar kallon hannun Teotiste, kada ta musanya cukun da wani mai kyau. Surukata ta ɗauki arepa daga bakin garwashi, ta kai kunne, ta ƙwanƙwasa. Ta daɗe a haka. Ta juya ta zuwa ɗaya kunnen, ta sake ƙwanƙwasawa. Sai ta ce ta nuna, ta miƙa hannu ga wuƙa.

Daga inda nake tsaye na ji ƙarar. A dushe take. Ni da ake cewa ban san taɓarya ba, na ji ba ta nuna ba. Na dubi Teotiste, na tarar ita ma ni take kallo.

Surukata ta juya mana baya tana gyara garwashi. Sai Teotiste ta ce, da muryarta ta kullum, ba raɗa ba, "Eufrosina, kin san marigayi mijinki ni ya fara nema kafin ke?"

Na kusa sakin tukunyar kofi. Da a bara aka yi wannan magana, da sai an kira maƙwabta rabon faɗa. Amma surukata ta ci gaba da tura garwashi, ko gezau.

"Kuma ya ce arepata ta fi taki daɗi."

Surukata ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufi.

Tausayi ya kama ni, irin wanda ban taɓa zaton zan ji wa matar nan ba. Ashe raɗar da take cewa muna yi, kunnenta ne yake tafiya. Na buɗe baki zan yi magana, Teotiste ta take mini ƙafa da takalminta mai laka. Ta goge ido da bakin mayafi, ta tashi ta zagaya gaban ƙawarta, ta ɗaga murya.

"To komadre, kin kama ni! Ba sitaci ba ne, kada ki ɗora mini abin da ban yi ba. Amma cukun bana taurin kai gare shi, na sani, na yi shiru. Madarar maƙwabta nake cikawa da ita tun da saniyata ta mutu. Sai a gabana yake narkewa. Mayar da wannan arepar bakin wuta tukuna, sai na ce a cusa."

"Na faɗa!" Surukata ta juyo gare ni tana huci. "Kin gani ko, Zoraida? Ni za a yi wa wayo?"

Ranar cuku ya narke har yana zuba a hannu. Ranar Lahadi kuma ba a yi shela ba, tunda mai laifi ta amsa da bakinta, ita kuwa surukata dama nasara take so.

Tun daga nan kullum safiya Teotiste tana kan kujerar nan, daura da murhu, da kofinta a hannu. Surukata za ta kai arepa kunne ta ƙwanƙwasa kamar da, amma idonta yana zamewa gefe. In Teotiste ta ci gaba da hura kofi, sai arepa ta koma wuta. In ta kurɓa, sai a ɗauko wuƙa. Ba wanda ya taɓa tada maganar. Da ta tafi kuwa sai mita. "Wannan mata kofinmu take zuwa shanyewa. Ki riƙa duba cokula in ta fita." Haka suka yi shekaru, ni kuma ina duba cokula.

Teotiste ce ta riga tafiya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Washegarin jana'iza na ɗauka ba za a hura wuta ba, amma na tarar surukata ta riga ta ɗora kasko. Ta ɗauki arepa ta kai kunne, ta ƙwanƙwasa, idonta ya zame gefe kamar kullum. Kujerar tana nan inda take. Ta daɗe tana kallonta, arepar tana ƙona mata yatsu.

Sai ta juyo, ta kamo tafin hannuna, wannan dai da ta taɓa juyawa, ta ɗora mini arepar a kai.

"Zoraida," ta ce, "saurara mini."